Bidiyon biki yana kwamfuta, Hajiya na son gani a talabijin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ina zaune a Makka ne wajen Shara Mansur tare da mahaifiyata, an turo mana bidiyon bikin ƙanwata daga Kano na sauke shi a kwamfuta, toh Hajiya idonta ya yi rauni sai ta yi ta kusanto da fuska tana tambaya wace ce wannan, kuma igiyar HDMI ɗinmu ba ta kaiwa falo. Wani mai shago ya ce dole sai na sayi na'ura. Ba yadda zan tura shi talabijin ba tare da igiya ba? Talabijin ɗin tana kama Wi-Fi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, Allah ya sanya alheri a auren. Kar ki fitar da riyal ko ɗaya tukuna, tunda talabijin ɗin tana kama Wi-Fi akwai yiwuwar abin da kike nema yana cikinta.

Fara da wannan in Windows ce kwamfutarki: ki danna bidiyon da ɓangaren dama na linzami, ki nemi Cast to Device, in sunan talabijin ɗinku ya fito ki zaɓe shi shikenan. Wannan tsarin DLNA ake ce masa, yawancin talabijin ɗin Samsung da LG da Sony suna gane shi, kuma bidiyon ta na'urar Wi-Fi ta gida yake bi ba ya fita intanet, don haka ba zai cinye miki data ba.

In kuma talabijin ɗin irin mai Google TV ce ko Android TV, ni manhajar kunna bidiyo ta VLC nake ba mutane shawara, kyauta ce ba talla a cikinta, wata ƙungiya a Faransa mai suna VideoLAN ke yin ta, kuma tun fitowar ta 3.0 a 2018 take iya turawa Chromecast, wato tsarin Google da irin waɗannan talabijin ɗin suke karɓar bidiyo da shi. Ki buɗe bidiyon da VLC a kwamfutar, ki shiga Playback sannan Renderer, ki ɗan jira sunan talabijin ya bayyana. Akwai Plex da Jellyfin amma waɗannan na mai tarin bidiyo ne da yake son ya jera su kamar kanti, bidiyon biki ɗaya bai kai a sha wannan wahalar ba.

Yanzu ga inda mutanenmu na nan suke yawan maƙalewa, don Allah ki kula da shi sosai. Da yawanmu muna barin VPN, wato manhajar da ke canza hanyar da intanet ke bi, a kunne saboda kiran gida, toh muddin yana kunne a kwamfutar sau da yawa ba za ta ga talabijin ba ko da suna ɗaki ɗaya, na taɓa zama gidan wani ɗan'uwa a Jidda tun bayan la'asar har aka kira magariba muna ta kashe talabijin muna kunnawa ashe VPN ne, muna kashe shi sunan ya fito nan take. Sannan dole su biyun su hau Wi-Fi ɗaya, ba kwamfuta a kan na wayarki talabijin a kan na gida ba, kuma in Wi-Fin na duk ginin ne da ake rabawa masu haya wani lokaci an saita shi yadda na'urori ba sa ganin juna, nan sai ki kunna na wayarki ki ɗora su biyun a kai.

In ya fara yana tsayawa yana tafiya, ki matso da kwamfutar kusa da na'urar Wi-Fi saboda bangon kankare yana rage ƙarfinsa, ko ki mayar da bidiyon MP4 da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce. In duk an gwada ya ƙi, ki zuba shi a filashi ki soka a bayan talabijin, kar a bar Hajiya tana jira. Ki gaishe mana da ita.