Dogon gilashin kyamara: tsuntsu ne zai biya kuɗinsa ko doki?

Wani mai shagon hoto a Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto mana: "Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da na fasfo, amma yanzu kowa da wayarsa, ciniki ya ja baya. Na tara sefa miliyan ɗaya da rabi. Tun ina yaro nake sha'awar tsuntsayen bakin kogin Binuwai, kuma na ji ana sayar da hotunansu a intanet da dala. Ina so in sayi dogon gilashin nan mai jawo nesa, in koma wannan harka gaba ɗaya. Yaya kake gani?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Gilashin kana iya sayensa, amma shagon kada ka rufe shi, kada kuma ka sa ran intanet ce za ta mayar maka da kuɗinka. Bari mu fara da lissafin dalar da aka kwaɗaita maka.

Manyan kamfanonin da ke karɓar hotuna su sayar, irin su Shutterstock, kaso suke ba mai hoto. Tun shekarar 2020 kason Shutterstock yana farawa ne daga 15 cikin 100, kuma sau da yawa abin da ke shigo wa mai hoto idan an sauke hotonsa sau ɗaya santi 10 ne na dalar Amurka, wato wajen sefa 60. Gilashi mai kai milimita 600 (ma'aunin ƙarfin jawo nesa ke nan) na masu matsakaicin ƙarfi, kamar Sigma ko Tamron 150-600, sabonsa yana kaiwa dala dubu ko fiye, wajen sefa 600,000 kafin kuɗin kwastan da na kawowa. In ka raba, sai an sauke hotunanka kusan sau 10,000 a wannan farashi kafin gilashin kaɗai ya fanshi kansa. Ga shi kuma balbela da zalɓe da shamuwa, waɗanda su ne za ka fi samu cikin sauƙi, hotunansu sun riga sun yi yawa a waɗannan rumbuna. Ka ɗora naka, ba laifi, amma ka ɗauke shi a matsayin kuɗin kati.

Wanda zai biya gilashin yana nan kusa da kai. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, mahayi yana sukuwa, ƙura ta tashi, rawani yana kaɗawa: waya ba ta iya kama wannan daga inda dogarai suka tsayar da jama'a, dogon gilashi kuwa aikinsa ke nan. Mahayin da ya kashe kuɗi wajen kayan doki zai sayi babban hotonsa a firam ba tare da dogon ciniki ba, 'yan'uwansa ma za su nema. Haka filin ƙwallo na Rumde Ajiya, wanda ya karɓi wasannin kofin Afirka a farkon 2022, inda ƙungiyar Coton Sport ke wasa. 'Yan wasa da masu shafukan labarai suna bukatar hoto mai kyau kowane mako. Hannun da ya saba bin doki a guje shi ne zai iya bin dinya a sama, don saitin kusan ɗaya ne: saurin ɗauka 1/1000 zuwa 1/2000 na daƙiƙa, da kyamarar da ke bin abin da ke motsi. Kana koyo, ana biyanka.

To tsuntsun fa? Akwai kuɗi a jikinsa, sai dai ba a hoton yake zaune ba, a sanin yake. Baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye daga Turai suna tafe ne da jerin sunayen waɗanda ba su taɓa gani ba. A gandun dajin Binuwai suna neman kurciyar Adamawa, da wani ɗan tsuntsun bakin yashi da ake yi wa laƙabi da tsuntsun kada. Mutumin da ya san a wane lungu da wace sa'a ake samunsu, ya san sunayensu da Faransanci da Ingilishi, ana biyansa kuɗin rakiya na yini, kuma hotunansa su ne shaidar cewa ya san aikin. Kai kuma ka yi sa'a, don makarantar horar da ma'aikatan gandun daji da aka buɗe a 1970 a garinku take, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa. Ka je ka gaisa da malamanta, ka nuna musu abin da ka ɗauka, su gyara maka sunaye. A watan Janairun kowace shekara ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe masu yawa. In ana yi kusa da kai ka nemi a tafi da kai ko ba a biya ba, a nan ake sanin mutane. Bayan haka sai otal-otal, da ƙungiyoyin kare muhalli masu buga rahoto, da 'yan kasuwar da ke raba kalanda a ƙarshen shekara. Gauraka biyu a bakin tafkin Lagdo da hantsi sun fi hoton wani dutsen ƙasar waje da ba wanda ya san shi kyau a bangon ofis, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu riƙa sayar wa kanmu da abin da Allah ya ba mu.

Sai dai harkar baƙi ba ta da tabbas. Gandun Waza, mai nau'in tsuntsaye sama da 350, ya rasa yawancin masu ziyara tun bayan da aka sace wasu Faransawa 7 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a watan Fabrairun 2013. Zakuma, gandun dajin ƙasar Chadi, wadda ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks ke gudanarwa tun 2010, ita ce ake magana yanzu saboda tarin gauraka da garken tsuntsayen jan baki da ke rufe sama a ƙarshen rani, amma tafiyar da masaukin ba na shekararka ta farko ba ne. Kuma duk harkar ta rani ce, daga Disamba zuwa Afrilu. Da damina hanyoyin gandu sukan yanke. Shi ya sa na ce kada ka saki reshe ka kama ganye.

Wajen saye, kada ka wuce rabin abin da ka tara. Na hannu mai lafiya ya ishe ka. Ka tabbata bakinsa ya dace da kyamararka. In kyamarar mai ƙaramin firam ce ma, wato allon cikinta da ke kama hoto ƙarami ne, ribarka ce, don milimita 600 za ta yi maka aikin wajen 900. Ka haska tocila ta cikinsa ka duba, musamman in daga Duwala ya fito, don danshin can yana sa hunhuna ta kama gilashi daga ciki, gyaranta kuwa da wuya a nan. Ka gwada shi a ƙarshen zuƙowarsa, a kan abin da ke motsi, kafin ka ƙirga kuɗi. Nauyinsa kusan kilo 2 ne, saboda haka ka haɗa da sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya, da batir na biyu.

Abu biyu ke lalata hoto a yankinmu, kuɗi ba ya maganinsu. Da rana ta take, zafin da ke tashi daga yashi yana sa iska rawa, duk abin da ka ɗauko daga nesa sai ya fito dishi-dishi ko gilashin na miliyan goma ne. Aikin na bayan asuba ne zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar, kuma ƙaramin tsuntsu sai ka lallaɓa ka matso kamar taku 10 kafin ya cika hoto. Na biyu ƙurar hunturu: irin wannan gilashi yana miƙewa yana komawa, yana shaƙar iska. Ka naɗe shi da ƙyalle, kada ka cire shi daga jikin kyamara a fili.

Ka kuma kiyaye inda kake nuna shi. Daga nesa yana kama da makami, kuma hankalin jami'an tsaro a tashe yake. Kada ka saita shi wajen gada, barikin soja, filin jirgi ko bangon madatsar Lagdo. Ka riƙa yawo da katin shaidarka da takardar shagonka, in za ka shiga ƙauyen masunta ka fara gaida mai gari, in gandu ne ka biya kuɗin shiga, ka tambayi na kyamara, ka karɓi rasit.

Ka buɗe wa gilashin littafinsa daban: abin da ya ci na mai da abinci da bugu, da abin da ya kawo daga doki, ƙwallo da tsuntsu, kowanne a shafinsa. Bayan Sallah biyu da rani ɗaya ka sake rubuto mana da alƙaluman, mu duba ko tafiyar Zakuma ta yi.