Likita, ƙarin da aka cire wa maigidana a kai zai iya rikiɗewa ya zama ciwon daji (kansa)?

TAMBAYA: Slm likita, barka da aiki. Maigidana ne aka yi wa tiyata a kai shekara uku kenan, aka cire masa wani ƙari da suka ce sunansa efidamoid kuma ba kansa ba ne, sai dai likitan ya ce sun bar ɗan ɓawonsa don ya manne da jijiya. To yanzu wata ƙawata nas ta ce min wai irinsa yana rikiɗewa ya koma kansa, wlh tun ranar bana barci. Dan Allah gaskiya ne? Daga Maman Ilham, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumussalam Maman Ilham, Allah ya ƙara masa lafiya. Eh yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Shi efidamoid da shi ake haihuwar mutum, tun ciki yana sati 3 zuwa 5 wasu ƙwayoyin fata ke maƙalewa a inda ƙwaƙwalwa za ta tsiro, sai su yi jaka suna zuba ɓawon fata a ciki a hankali, in aka buɗe za ki gan shi fari fat yana sheƙi kamar kakin kyandir. Kusan kashi 1 cikin 100 ne na ƙarin cikin kai, kuma a cikin wannan ɗan kason ma kaɗan ne ƙwarai ke juyewa kansar fata, tun 1912 aka fara rubuta labarinsa amma har yau ɗai-ɗai ake samu a duniya.

Abin da likitoci ke zargi shi ne kumburi na shekara da shekaru, ko jakar ta fashe ko ragowar ɓawon ya yi ta damun wurin. Amma kar ki ga laifin wanda ya yi aikin fa, galibi ƙarin yana zama ne kusa da jijiyar ji da ta fuska, in aka nace sai an kankare shi tas mutum zai iya tashi da karkataccen baki ko kurumta, ni ma da barin ɗan ɓawon zan zaɓa.

Ke kike tare da shi, ke za ki fara lura. Efidamoid na gari a hankali yake tafiya, to in kika ga cikin sati kaɗan ciwon kai ya tsananta har da amai, ko jiri, ko yana tangaɗi, ko gefen fuska ya mutu, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko farfaɗiya, kar a tsaya kemis ko jiƙe-jiƙe, ku nufi asibitin koyarwa na tarayya nan Gombe ko na ATBU a Bauchi a haɗa ku da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton MRI za a yi, wanda ake yin allura kafin a ɗauka, don na gari ba ya shan ruwan allurar sosai, wanda ya juye kuwa yakan haska har da kumburi a gefensa. Ko hakan ma sai an gutsuri naman an kai lab kafin a tabbatar, in kansa ce a yi tiyata a bi da gashin wurin da na'ura.

Ko lafiyarsa lau ya riƙa zuwa hoton da aka sa masa, na san kuɗin MRI ba wasa ba ne, amma ku daure. Ki adana tsofaffin hotunan da takardar lab ta aikin farko ku tafi da su, da su ake gwada sabon.