Gilashin nan da ake sawa a fuska, wasa ne ko bincike ake da shi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni direban tirela ne ina lodi a Apapa, rannan a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, wani yaro ya sa min gilashin Meta Quest a fuska, irin mai nuna maka duniyar kwamfuta kamar kana cikinta, sai ga ni a saman dogon gini ƙafata na rawa. Yace wai masana da shi suke gwada ƙwazon direbobi da likitoci, to ya za ayi abin ƙarya ya nuna gaskiyar mutum?

Amsa: Ɗan'uwa ai rawar da ƙafarka tayi ita ce rabin amsar. Kai ka san a shago kake tsaye amma jikinka bai yarda ba, zuciya ta buga, tafin hannu yayi gumi, kuma abinda mu masu binciken muke nema kenan. Na'urar tana rubuta inda ka juya kai, sakan nawa ka ɗauka kafin ka motsa, wasu ma har inda ƙwayar idonka ta tsaya, sannan ana iya maimaita haɗari iri ɗaya sak ga mutum 100 ba wanda zai ko ƙurje.

Misalin da yafi taɓa min zuciya na Jami'ar Iowa ne a Amurka, 2017. Sun tsaida yara a ɗakin da manyan alluna suka kewaye, titi ne na kwamfuta motoci na wucewa, akace su tsallaka. 'Yan shekara 6 mota ta buge su kashi 8 cikin 100, 'yan 14 ko sau ɗaya. Babbar matsalar ƙananan shine jinkirin ɗaga ƙafa, sun ga sarari tsakanin motoci amma kafin su taka sararin ya fara rufewa. Wallahi duk sanda naga yaro riƙe da kwano bakin titin Agege yana jiran motar haya ta danfo ta wuce sai na tuna wannan, kaga ba uban da zai bada ɗansa ayi irin wannan gwajin a titi na gaske. Likitoci ma haka, a Jami'ar Yale a 2002 masu koyon tiyata da suka fara atisaye a na'ura sunfi sauran sauri da kashi 29 cikin 100 wajen aikin cire matsarmama, kuskurensu ma yafi kaɗan sosai.

Amma kar in yaudare ka, yana da iyaka. A cikin gilashin mutane sukan ga abu kusa fiye da yadda yake, wasu jiri da tashin zuciya ke kama su saboda ido na cewa ana tafiya kunnen ciki na cewa ana tsaye, kuma uwa uba ka san ba mutuwa zakayi ba, nauyin kwantena a bayanka da gajiyar kwana a layin Apapa duk babu su. Shi yasa ni bana yarda da sakamakon gwajin direba sai an auna shi da tuƙinsa a titi na gaske.