Alhaji, kafin a yi maganar sahun farko a Google, makullin shagon yana hannun wa?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Tudun Hatsi a Gombe ya aiko da tambaya. Yana sarin wake, riɗi, waken soya da masara, yana lodi zuwa Legas, Ibadan da Anacha. Wata 14 da suka wuce ya ba ɗan wansa, wanda ya karanta kwamfuta, Naira 250,000 ya buɗe masa shafin intanet. Shafin ya yi kyau a ido, amma har yau babu wanda ya taɓa kiransa ya ce a can ya gan shi, kuma in ya rubuta wake da Hausa a Google ba ya ganin kansa. Yanzu wani ya same shi ta WhatsApp ya ce a ba shi Naira 180,000 ya kai shi sahun farko cikin mako biyu, har Google ta riƙa biyansa dala na talla. Ya rufe da cewa: "Ni ban san komai a kai ba, komai yana wurin yaron, shi ke shiga. In biya?"

Alhaji, kada ka biya. Wannan amsar ba ta da wahala, kuma za mu dawo kanta. Abin da ya fi damuna shi ne jimlar da ka faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba: komai yana wurin yaron. Nan ɓarakar take.

Kai da kanka ba za ka taɓa yarda ka kama rumfa a kasuwa, ka biya kuɗi, takardar ta fito da sunan wani, makulli yana aljihunsa, littafin ciniki yana gidansa ba, ko da kuwa ɗan cikinka ne. To abin da ka yi ke nan. Shafin intanet ba hotunan da kake gani a waya ba ne kawai. Yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu, kowanne da mai shi a rubuce. Akwai adireshin shafin, wato domen, wanda haya ce ta shekara-shekara. In ya ƙare da .ng ko .com.ng, hukumar NiRA ce ke kula da shi ta hannun kamfanonin da ta amince wa, kuma a rajistarta wanda aka sa sunansa da imel ɗinsa shi ne mai abu. Akwai ma'ajiyar da shafin ke zaune a kanta, ita ma haya ce. Akwai ƙofar shiga cikin shafin inda ake gyara rubutu da farashi. Sai asusun Google da ke riƙe da bayanan kasuwancinka. A cikin huɗun nan, wanne ne ke da sunanka? Daga yadda ka yi magana, babu ko ɗaya.

Ba cewa nake yaron macuci ne ba. Yawanci ba cuta ce ke kashe irin wannan shafi ba, rayuwa ce. Yaro ya tafi hidimar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, ko wayarsa ta ɓace da layin da lambar tabbatarwa ke zuwa. Saƙon tunatarwa na sabunta adireshi yana shiga imel ɗin da ya daina buɗewa. Wa'adi ya cika, shafi ya ɗauke. Akwai 'yan makonni na sassauci, daga nan sai tara, daga nan a saki adireshin ga duk wanda ya riga biya. An sha ganin ɗan kasuwa ya buga adireshi a allon shago, a buhuna, a rasit, sai kwastoma ya shiga ya tarar da tallan caca a wurin. Kuɗin da zai hana wannan bai kai rabin kuɗin buhun wake ɗaya ba a shekara. Sannan akwai ɗaya ɓangaren da ba a son faɗa: ranar da aka samu saɓani a gida, kan gado ko kan aure, ba za ka iya kai ɗan wanka ƙara a kan kalmar sirri ba. Za a ce ka yi haƙuri, zumunci ya fi.

Saboda haka aikin makon nan ba na Google ba ne, na karɓar makulli ne. Ka buɗe sabon Gmail da sunan kasuwancin, da lambar wayarka, ba ta yaro ba. Ka kira shi cikin mutunci ku zauna, da shayi a gabanku, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. A kamfanin da aka yi rajistar adireshi, a canza sunan mai shi, imel da waya zuwa naka, a kunna sabuntawa kai tsaye daga katinka, in da hali ka biya na shekara biyu ko uku lokaci guda. A yi haka a ma'ajiya. In da WordPress, wato manhajar gina shafuka, aka gina shafin, a buɗe maka asusu mai cikakken iko, shi kuma a bar masa na edita, wanda zai ishe shi sa hoto da gyara farashi. Ka rubuta kalmomin sirrin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun rumfa da na CAC. In zai ci gaba da kula da shafin, ka yanka masa abin wata, ku rubuta abin da zai riƙa yi. Aikin da ake yi don kunya shi ake fara yasarwa in hidima ta yi yawa.

Sai mu zo ga dalilin da ya sa ba a ganinka. Kafin a kashe ko kobo, akwai gwaji na minti ɗaya. Ka buɗe Google ka rubuta site: sannan adireshin shafinka a manne da shi ba tazara. In shafukanka sun fito, Google ta san da kai, matsayi ne kawai ba ka samu ba. In babu abin da ya fito, to ba ka ma shiga littafinta ba. Sanadin da aka fi samu abin takaici ne don sauƙinsa: a cikin saitin WordPress, ɓangaren karatu, akwai ɗan akwatin da ke roƙon injinan bincike su ƙyale shafin. Masu gini sukan latsa shi lokacin da suke aiki, su manta ba su cire ba. Wata 14 na iya tafiya a kan wannan ɗan akwati.

Bayan nan a haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, kuma da sabon Gmail ɗinka za a yi, kai ne mai shi, yaron mai taimako. A miƙa wa Google taswirar shafi, wato jerin duk shafukan da ke ciki. Ƙananan manhajoji irin su Yoast ko Rank Math suna haɗa ta da kansu. Search Console shi ne littafin cinikin shafinka. Yana nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu, sau nawa ya bayyana, mutum nawa suka latsa, kana layi na nawa, kuma yana riƙe bayanan wata 16. Duk wanda ya ce maka aiki na tafiya amma bai nuna maka waɗannan alƙaluma ba, labari yake ba ka.

Yanzu wata tambaya, Alhaji: wa kake so ya same ka? Ka ce kana rubuta wake da Hausa ba ka ga kanka ba. Bahaushen da ke son wake a Gombe ba Google zai shiga ba, Keke Napep zai hau zuwa Tudun Hatsi. Wanda zai neme ka a intanet shi ne mai kamfanin abincin kaji a Ibadan da ke son waken soya, ko mai fitar da riɗi waje daga Legas, ko 'yar kasuwar Mile 12 a Legas da ta gaji da la'adar dillalai uku kafin kaya su iso ta. Waɗannan da Turanci suke nema, kuma ba kalma ɗaya suke rubutawa ba. Sukan haɗa sunan kaya da kalmar sari ko mai kawo kaya da sunan gari. Ka tambayi kwastomominka biyar na Kudu da wane suna suke kiran kayan, domin abin da kai kake kira jan wake wataƙila su wani suna suke ba shi a kasuwarsu. Da bakinsu za a rubuta shafin, a ƙara na Hausa a gefe in kana so.

Kuma kowane kaya da shafinsa. Kuskuren da masu gini ke yi shi ne su tara komai a fuska ɗaya: barka da zuwa, muna sayar da kayan gona masu inganci a farashi mai rahusa. Wannan bai amsa tambayar kowa ba, kuma dubban shafuka sun riga ka faɗa. A yi na farin wake daban, na riɗi daban, na waken soya daban, na masara daban. Kanun kowane shafi, wato layin da ke fitowa da shuɗi a Google, ya ƙunshi sunan kayan da Gombe, kada ya wuce harafi 60 ko kusa da haka, in ya wuce sai a datse shi. Ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa kamar harafi 155. A cikin shafin kuwa a rubuta abin da mai saye yake tambayarka a waya kullum: nau'in kayan da inda ake kawo shi, nauyin buhu, mafi ƙarancin abin da kake lodawa, buhu nawa ke cika mota (tirela mai tan 30 buhu 300 ce in buhun kilo 100 ne), kwana nawa zuwa Legas, yadda ake biya, wa ke ɗaukar nauyin mota. Farashi a sa shi da kwanan wata, a rubuce, ba a cikin hoto ba, kuma a sabunta shi duk mako, don farashin da ya kwana biyu yana korar mai saye fiye da rashin farashi. Ka faɗi yadda kake adana wake. Tun da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, manyan masu saye suna tambayar wannan. In a buhun PICS mai ninki uku kake ajiyewa ba magani, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro. In ba haka kake yi ba, kada ka rubuta.

Hotuna su zama na rumbunka da yaranka suna lodi, ba na wata gonar Amurka da aka kwaso ba. Amma a rage musu nauyi. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Goma irinsa a shafi ɗaya sun isa su sa mai saye ya fita kafin ya buɗe. A mayar da kowanne ƙasa da kilobait 200. A gwada shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ɓangaren waya, domin da siffar waya Google ke auna shafi. Ɗaya daga cikin ma'aunanta shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Adireshin ya fara da https, takardar tsaron ana samunta kyauta a mafi yawan ma'ajiyoyi. Maɓallin WhatsApp ya kasance a sama inda babban yatsa zai kai.

Abin da zai fi saurin kawo maka kira ma ba shafin ba ne, Google Business Profile ne, wanda ke sa shago a taswira. Kyauta ne. Ka buɗe shi da Gmail ɗinka, sunan da ke allon shago sak ba ƙari, lambar waya ɗaya da ta shafin, lokutan buɗewa na gaskiya har da tsayawar Juma'a. Sau da yawa sukan nemi ɗan bidiyo mai nuna allo da cikin shago don tabbatarwa. Google ta ce abu uku take dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Na ukun yana ƙaruwa ne da ra'ayoyin kwastomomi. Duk wanda kaya suka isa gare shi lafiya, ka tura masa mahaɗin ya rubuta layi biyu. Kada ka sa yaran shago su rubuta ashirin a rana ɗaya; ana gane su, a goge, wani lokaci a dakatar da shagon.

Mu koma kan mai Naira 180,000. Google da kanta ta rubuta cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma aikin gaskiya yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Mai alkawarin mako biyu ɗayan uku zai yi. Ko ya sa ka nemi cikakken sunan kamfaninka, ka ga kanka a sama, alhali dama babu mai takara da kai a kan sunanka. Ko ya sayi tallar Google na 'yan kwanaki da ɗan abu daga kuɗinka, ka ga kanka a sama, kuɗin talla na ƙarewa ka ɓace. Ko ya sayo maka dubban mahaɗai masu nuni zuwa shafinka daga shafukan shara, abin da dokokin Google suka hana kuma ta tsananta farautarsa tun 2012. In an yi sa'a su tashi a banza, in ba a yi ba a danne shafin. Kuma zai nemi kalmar sirri. Wato shafin da ba ka ma riƙe makullinsa ba, shi za a miƙa wa baƙon da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Maganar dala kuwa, ka fitar da ita daga ranka. AdSense, wato tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin talla, ba ta biya sai kuɗi sun taru sun kai dala 100, kuma shafin sari da mutum ɗari ko ɗari biyu ke leƙawa a wata zai daɗe ƙwarai bai ga wannan ba. Ƙari a kan haka, tallan da za a liƙa maka na iya zama na abokin takararka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai ribar tirela ɗaya ta riɗi kake nema daga sabon kwastoma, ba sulallan talla ba.

Ka ware shafi ɗaya a littafin cinikinka. Duk sabon wanda ya kira, yaron shago ya tambaye shi a ina ya same ku, a rubuta amsa da abin da ya saya. Ranar ɗaya ga kowane wata a buɗe Search Console a gabanka a karanta maka alƙaluma uku: bayyana, latsawa, da kalmomi goma na sama. In bayan wata shida bayyana tana hawa amma latsawa ba ta motsi, kanu da bayani ne za a sake. In ana latsawa amma ba a kira, farashi ko bayanin lodi ne bai gamsar ba.

In kuwa ka nemi makulli yaron ya fara yau da gobe, ka ba shi mako biyu, ka sanar da wanka cikin ruwan sanyi. Wa'adin na cika, ka yi rajistar sabon adireshi da sunanka a sake gini a kansa. Tunda shafin bai tara komai a Google ba tukuna, abin da za ka rasa a yanzu kuɗin sake gini da na sake buga allo da rasit ne.