Likitan kunkuru a Legas

Malam, ka ce kunkurunka ya daina cin abinci, idanunsa sun kumbura, kana neman wanda zai duba shi a Legas. Nemi likitan dabbobi mai rajista da VCN, hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Najeriya, amma kafin ka sha cunkoson hanya daga Agege, buga masa waya: ya taɓa duba kunkuru ko maciji? In ya fara inda-inda, ce ya haɗa ka da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ibadan.

Yawancin likitocin dabbobi karnuka da kaji suka saba da su. Da na kai nawa kunkurun, wani likita ya riga ya zuƙo allurar ivermectin, irin ta raguna, alhali guba ce ga kunkuru. Da ƙyar na riƙe hannunsa.