Tambaya da amsa: Tsiron da ya fito min a dubura, basir ne ko HPV?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 33, ina da mata da 'ya'ya mata biyu. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ban da iyalina, na sha saduwa da maza. Wata huɗu ke nan wasu 'yan ƙuraje suka fito min a bakin dubura, babu zafi sai ƙaiƙayi jefi-jefi. Na sha maganin basir na gargajiya, amma sai ƙaruwa suke yi. Na duba a intanet na ga ana maganar HPV da sankara, tun daga ranar barci ya ƙaurace min. Shin sankara ce? Na shafa wa matata? Ina jin kunyar zuwa asibiti.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara ajiye maganin basir ɗin nan tukuna. Tabbas sai an gani da ido, amma yadda ka siffanta abin ya fi kama da tsiron da HPV ke fitarwa, wato wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura, yakan zo da jini bayan an yi bahaya, ko wani nama mai santsi ya leƙo ya koma. Shi kuwa tsiron HPV fata ce ke tohowa, samansa da kaushi, in ya taru wuri guda sai ya yi kamar zankon zakara. A ƙasar nan duk abin da ya fito a dubura sunansa basir, shi ya sa mutum zai shekara yana ɗirkar jiƙe-jiƙe, tsiron kuwa yana ta cin gabansa.

Batun sankara, ka kwantar da hankalinka. HPV dangi ne babba, ya haura iri 200, kusan 40 daga ciki ne ke zama a al'aura da dubura da baki da maƙogwaro, kuma kowane da lambarsa. Lamba 6 da 11 su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan tsiro, kuma da wuya ƙwarai su rikiɗe su zama sankara. Masu haɗarin su ne irin su 16 da 18, waɗanda wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano a cikin sankarar bakin mahaifa, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Su waɗannan ba sa fito da ƙurji, ba sa ƙaiƙayi, shiru suke zaune shekara da shekaru. Don haka abin da kake gani ba shi ne abin tsoro ba. Dalilin da ya sa nake so ka je asibiti shi ne, hanyar da ta kawo mai tsiron ita ce ke kawo mai shirun, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

Ba ka aiko don in yi maka wa'azi ba, wannan fagen da masu shi. Nawa shi ne in gaya maka dalilin da ya sa maza masu saduwa da maza suka fi sauran maza haɗari. A cikin dubura, 'yan santimita kaɗan daga baki, akwai wurin da fatar waje ke haɗuwa da shimfiɗar hanji. Wurin ba shi da kauri, saurin karcewa gare shi, kuma yanayinsa ɗaya da na bakin mahaifar mace, wato daidai inda HPV ke son kafuwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar dubura HPV ne sanadinta, yawanci lamba 16. A cikin jama'a gaba ɗaya cutar ba ta da yawa, mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara. A maza masu saduwa da maza da ba su da ƙanjamau, adadin ya doshi 20. A waɗanda ke ɗauke da ƙanjamau kuwa ya haura 80. Ko a nan ma, ka lura, mafi yawa ba sa kamuwa da ita. Garkuwar jikin mai lafiya tana kawar da HPV a wajen mutum 9 cikin 10 kafin shekara 2. Abin da ke hana ta aikin shi ne ƙanjamau da ba a shan maganinta, sai kuma taba sigari. In kana sha, ga dalilin dainawa.

Saboda haka gwajin ƙanjamau shi ne na farko, kada ka ɗaga. A haɗa da na tunjere, domin tunjere a mataki na biyu takan fito da wani tsiro mai danshi a dubura da ke rikita har ma'aikatan lafiya, alhali maganinta allurar penisilin ce. A duba ciwon hanta nau'in B, da ciwon sanyi.

Na san kunya ba ita kaɗai ke hana ka ba, akwai tsoron doka da na tonon asiri, kuma ba zan ce maka tsoron banza ba ne. Amma ka riƙe abu biyu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin majinyaci. Sannan tsiro a bakin dubura ba shaida ba ce a kan kowa: yana fito wa maza da matan da ba a taɓa kusantar su ta nan ba, domin ƙwayar na iya gangarowa daga al'aura ko ta bi yatsa. Ka nemi likitan fata ko na tiyata, in da hali a asibitin da ba na unguwarku ba. Ko ba ka faɗi komai ba, ka ce, "Likita, ina so a duba min har ciki." Zai sa safar hannu ya taɓa da yatsa, sannan ya zura wani ɗan bututun roba da aka shafa wa mai, ya haska fitila. Minti biyu ne, akwai takura amma babu ciwo. In ka samu likitan da hankalinka ya kwanta da shi, faɗa masa gaskiya ya fi, don ita ce za ta nuna masa inda zai ɗauki samfur.

Magani akwai, amma tsiron yake cirewa, ita ƙwayar sai jiki ya kawar da ita da kansa. Ana daskarar da tsiron da ruwan naitirojin har ya yi fari ya faɗi bayan kwanaki, ko a ɗiga masa wani asid na musamman a asibiti, ko a ƙona shi da lantarki bayan an kashe zafin wurin. Akwai na shafawa a gida kamar imiquimod da podophyllotoxin, amma na tsiron waje ne kawai, kuma sai likita ya rubuta. Yakan dawo, musamman a wata 3 na farko, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Abin da nake roƙon ka shi ne kada ka bari a sa maka reza, ko kanwa, ko ruwan batir. Irin gyambon da wannan ke bari a dubura yakan warke da tabo mai ƙuntata hanya, mutum ya koma bahaya ma sai da hawaye.

In gwaji ya nuna kana da ƙanjamau, ka fara magani nan take. Wani babban bincike a Amurka mai suna ANCHOR, da aka wallafa a 2022, ya bi mutane sama da 4,000 masu ƙanjamau, ya nuna cewa cire tabon da ke fitowa kafin sankarar dubura yana rage aukuwarta da kashi 57 cikin 100. Shi ya sa masana yanzu ke ba da shawarar fara duba dubura akai-akai daga shekara 35 ga mai irin tarihinka in yana da ƙanjamau, daga 45 in ba shi da ita.

Uwargida kuwa, mai yiwuwa ta ɗauka, domin HPV ta haɗuwar fata da fata take bi, kwaroron roba yana ragewa sosai amma ba ya rufe ko'ina. Babu gwajin da zai nuna wa ya shafa wa wani, ko yaushe. Haƙƙinta ne a kanka ka kai ta gwajin bakin mahaifa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara daga shekara 30, mai ƙanjamau kuwa daga 25. Ana yin sa da shafa ruwan binega a duba da ido, ko a ɗauki samfur. In an ga tabo da wuri, a zama ɗaya ake magance shi. Ku dakata da saduwa ko ku yi amfani da kwaroron roba har tsiron ya warke. In kuma an samu ƙanjamau ko tunjere a jikinka, to babu maganar ɓoyewa, dole ita ma a gwada ta, kuma ma'aikatan ba da shawara sun san yadda ake buɗe wannan zance.

Allurar rigakafi ba ta warkar da abin da ya riga ya shiga, amma tana kare ka daga nau'o'in da ba ka ɗauka ba. Ingila tun 2018 take yi wa maza masu saduwa da maza kyauta har zuwa shekara 45. A Najeriya shirin gwamnati na 'yan mata ne, an fara shi a Oktoban 2023 da masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, don haka kai sai dai ka saya a asibiti mai zaman kansa. 'Ya'yanka kuwa, da zarar sun kai 9, ka kai su.

In ka ga jini, ko ciwon da ya ƙi tafiya, ko wani ƙullutu mai tauri a ciki, ko gyambon da ya haura mako biyu bai warke ba, ko kaluluwa a matsematsi, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma asibiti a makon. Allah ya ba da lafiya.