Tsofaffin coci-coci da gidajen rahibai kusa da Iskandariya

Malam, ka tambayi abin da za ka iya gani a kwana biyu. Ware rana guda ga Wadi Natrun, kimanin kilomita 100 a kan hanyar hamada mai zuwa Alƙahira. Gidajen rahiban Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, huɗu suka rage can: Anba Bishoy, Suryan, Baramus da Abu Maƙar, asalinsu tun ƙarni na 4, ban da Suryan da aka kafa a ƙarni na 6. Dubi hasumiyar tsaronsu, ƙofarta a sama take, sai an sauko da gadar katako ake shiga, saboda mahara. Ɗauki shatar mota ta jira ka, don tsakaninsu da tazara. Inda mutane ke shan kunya shi ne lokacin azuminsu, musamman gabanin Ista, akan taƙaita ziyara. Tambaya kafin ka kama hanya. A sa tufafi masu rufe jiki, a cire takalmi a bakin cocin.

Abu Mina, tsohon wurin ziyarar Kiristoci mai nisan kilomita 45 kudu maso yamma da Iskandariya, kufai ne. Ruwan ƙasa da noman rani ya taso da shi ya ci harsashinsa.

Cikin gari kuwa, ga Majami'ar Markus da sansanin Ƙaitbay na 1477.